Allon Jifa Ya Shigo Zaure, Amma A Bar Mana Ƙirga

Ranar Ƙaramar Sallar da ta wuce, bayan an sauko daga filin idi na Ƙofar Doka an ci tuwon salla, sai ɗan yayata da ke aiki a Kaduna ya ciro wani kwali daga bayan motarsa. Ya buga ƙusa a bangon zauren gidanmu, ya rataye wani abu mai kama da faifai, an tsaga shi gida ashirin, kowane gida da lambarsa, daga ƙasa kuma ga ɗan gilashi mai nuna jajayen lambobi. Ya jona shi da wuta, ya fito da 'yan kibau masu tsinin roba. Tun la'asar sakaliya har bayan isha'i zauren nan bai rabu da sowa ba, in ban da lokacin da muka tashi salla.

Turawa na kiran wasan dats, mu kuwa a ranar muka raɗa masa jifan kibiya. Ana rataye allon yadda cibiyarsa za ta kai mita 1.73 daga ƙasa, mai jifa ya ja baya wajen mita 2.44 idan allon lantarki ne, ya saki kibau uku, na gaba ya karɓa. Fuskar allon cike take da 'yan ramuka, kibiya na shiga sai na'urar ta gane gidan da aka sama, ta yi ƙara, ta rubuta maki.

Cikin wasannin da aka zuba a na'urar, wanda ya riƙe mu shi ne Killer, yara suka fassara shi da Makashi. Kowa zai fara jifa da hannun da bai saba da shi ba, gidan da kibiyarsa ta faɗa ya zama nasa, a ba shi rai uku. Sai ka sami siririn zoben da ke bakin gidanka sannan ka zama makashi, daga nan ka shiga farautar gidajen sauran, duk wanda ka sami zobensa ya rasa rai ɗaya. Wanda ya rage da rai shi ya ci. Ko yaro ɗan shekara bakwai zai gane shi a zagaye guda.

Ina son wasan nan, kuma zan kare shi a gaban duk wanda ya ce shirme ne. Shekara nawa ina kallon 'ya'yanmu a ranar salla sun jeru a kan dakali, kowa ya sunkuya a kan wayarsa, gwiwa na gogar gwiwa amma ba mai ce wa wani uffan. Ran nan na ga mutum goma sha ɗaya a tsaye, ido a wuri guda, ana kiran sunan juna. Makashi kuwa wasa ne da ke sa ka zaɓi wanda za ka kai wa hari, to nan tarbiyyar gida ta bayyana ba tare da kowa ya tsara ba. Ɗan yayar tawa ya zama makashi, gidana na 12 na nan a fili da rai ɗaya tal, yara na zuga shi. Ya sauke hannu ya ce, "Kawu, ni dai ba zan iya jifan gidanka ba." Ya juya kan taubashinsa. Taubasan nan kuwa ba su raga wa juna ba ko kaɗan, haka wani abokinsu Bakano da ya zo mana salla, kowa ya san wasan da ke tsakanin Bazazzagi da Bakano, sai da aka haɗu aka cinye ransa uku kafin a waiwayi kowa, shi ma yana dariya yana alwashin ramuwa. Kunya da wasan dangi da muke kukan suna ɓacewa, ga su na gani da idona a gaban allon roba.

Yayan mahaifinmu da ya leƙo ya ɓata fuska, ya ce wannan ai wasan mashaya ne. Bai faɗi ƙarya ba. A gidajen giya na Ingila wasan ya girma, har yau kamfanonin caca na cikin manyan masu ɗaukar nauyin gasanninsa. Na ce masa, "Baba, gaskiyarka, amma abin da ke bangon nan ba kwalba ba kati, kuma muddin ina raye ba za a ajiye ko naira ɗaya a kansa ba." A kan wannan ba ni da sassauci. Mun ga yadda teburan sinuka na bakin titi suka fara da nishaɗi, wasu suka ƙare da ajiye kuɗi da zare wuƙa. Ranar da aka ce wanda ya faɗi zai biya, ranar zan cire ƙusar da hannuna. Tsinin robar ma abin yabo ne, domin da kibiyar ƙarfe ce irin ta ainihi da ban bari an rataye shi inda ƙananan yara ke kai da kawowa ba.

Damuwata tana wani wuri dabam, kuma ɗauke wuta ne ya nuna mini ita. Bayan magariba manyan samarin sun koma wasan 301, inda kowa ke farawa da wannan adadi yana ragewa har ya kai sifili. Ana tsakiyar yi wuta ta tafi, gilashin ya mutu. Aka haska fitilar waya, na tambaya, nawa ya rage wa kowa? Shiru. Samari shida, har da masu karatu a jami'a a Samaru, ba wanda ya riƙe makinsa, balle na abokin karawarsa. Sun yi ta jifa, na'ura na yi musu tunani.

Wannan ya tsaya mini a rai, domin duk wanda ya taso yana kallon dara a gindin bishiya ya san rabin daɗin wasan na wajen 'yan kallo. Ramuka talatin a ƙasa, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, amma idanu ashirin ne ke ƙirga, su ne shaidu, su ne alƙalai. A langa ma haka, ba wanda ke riƙe da takarda, jama'a ce ke cewa wane ya saki ƙafa. Yaro na koyon riƙe lissafi a ka, yana koyon faɗin gaskiya ko da a kan ɗan ɗakinsu ne, yana koyon yin gardama ya kuma haƙura idan manya sun yanke. Yanzu ludo ta koma cikin waya, ita ke jefa ƙwaya ita ke matsar da 'ya'ya, ƙwallon gidan gem ma na'ura ce alƙali. A Landan tun 2015 wuraren shaƙatawa na Flight Club suka sa kyamara tana ƙirga wa masu jifa. Na yarda hakan na kashe rigima, kuma duk wanda ya taɓa raba faɗan ludo ba zai raina wannan ba. Sai dai rigimar da ake gudu, a cikinta ake koyon adalci.

Abin takaicin shi ne, da wuya a sami wasan da ya kai jifan kibiya koyar da lissafi. Dubi yadda aka jera lambobin: gidan 20 na sama, an sa masa 1 a dama da 5 a hagu, don mai kwaɗayin babban maki ya san kuskure kaɗan zai mayar da shi baya. Zoben waje na ninka maki sau biyu, na ciki sau uku, cibiya 50, kewayenta 25. Mafi yawan abin da kibau uku za su kawo shi ne 180. A wasan 501 na ƙwararru dole ka rufe da zoben ninki biyu, shi ya sa suke son su bar wa kansu 32: in an nemi ninkin 16 aka faɗa 16 zalla, saura 16, sai a nemi ninkin 8, in an sake kuskurewa ga ninkin 4 na jira. Ragewa, ninkawa, rabawa, duk a tsaye cikin daƙiƙa biyu. Luke Littler, yaron Ingila da ya ci gasar duniya a Janairun 2025 yana da shekara 17, bayan ya doke Michael van Gerwen da ci 7 da 3, ba ya tsayawa jiran allo ya gaya masa inda zai jefa ta gaba. Lissafin ya riga ya zauna masa a ka. Malaman lissafi na makarantar Alhudahuda da ke nan kusa da mu sun san wahalar da suke sha kafin ɗalibi ya rage 57 daga 301 ba tare da ya laluba waya ba. Ga abin da zai sa yaro ya yi hakan sau hamsin a yini yana murna, sai mu bar na'ura ta ƙwace?

Ban ce a jefar da allon lantarki ba. A bar shi ya riƙe rayuka a wasan Makashi, inda hayaniya ta yi yawa kuma ba wani lissafin kirki. A shigar da shi cikin gida ma, mata su samu rabonsu ranar suna ko wunin biki, don ƙannena mata sun fi wasu samarin saiti da aka ba su dama washegari. Amma idan aka zo 301, a rufe gilashin.

Haka muka yi a rana ta biyu. Na manna takarda a kan gilashin, na aiko aka kawo alli, na ja layi a bango gefen allon. Na ɗora wata jikar yayanmu 'yar aji biyar a kan kujera na ce ita ce mai ƙirga, kowa ya jefa ya faɗi makinsa da bakinsa, ita ta rage, jama'a su tabbatar. Da fari wasan ya yi nauyi, samari na gunaguni. Can wani yayanta ya sami ninki uku na 19 ya ce 54. Yarinyar nan ta ɗaga alli ta ce, "Yaya, 57 ne." Aka ɗaga takardar aka duba, 57 ɗin ne. Zauren ya kaure da tafi, ita kuwa ta gyara zama ta ce na gaba ya jefa.