Jinjina ga Masu Ƙirga Ƙwayoyin Jini

Likita ake gani, amma sau da yawa hukuncinsa yana jiran ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje. Su ke ƙirga limfosait, fararen ƙwayoyin jinin da ɓargo ke haifa, wasu su wuce ƙirji su balaga a taimos, sannan su yada zango a saifa da kaluluwa. Kumburin da ake ji a hammata ko matsematsi yawanci taronsu ne na yaƙar cuta.

Ga mai ƙanjamau, idan adadin nau'in limfosait da ake kira CD4 ya gaza 200, garkuwa ta yi rauni ƙwarai, sai a gaggauta binciken tarin fuka da sanƙarau. Wannan lamba daga hannun waɗannan bayin Allah take fitowa, bayan natsuwar da majinyaci bai taɓa gani ba.