Gani Bai Kori Ji Ba a Ƙasar Kurfai

Akwai wani salon yawon buɗe ido da ya game duniya yanzu. A tara mutane cikin mota guda da sassafe, a haɗa su da ɗan jagora, a zaga da su garuruwa huɗu ko biyar, kowanne a tsaya rabin awa, kafin magariba a maido su masauki. Haka ake yi wa ƙauyuka biyar ɗin nan na Cinkwe Tere a Italiya, waɗanda ke maƙale a jikin duwatsu a bakin teku: mazaunansu duka ba su wuce dubu huɗu ba, amma miliyoyin baƙi ke tattake lungunansu kowace shekara. Birnin Benis kuwa sai da ya kai ga ɗora wa masu zuwa su koma a yini guda kuɗin shiga a ranakun cunkoso, wanda ya fara da yuro 5 a Afrilun 2024.

Mu a Nijar ba mu da teku, amma salon ya daɗe da iso mu. A shekarun da ake zaune lafiya, Turawan da ke aiki a Yamai kan fita ran Laraba su ci kasuwar Bubon ta masu tukwane a bakin kogin Isa, ko su nufi Ayoru su shiga kwalekwale su ga dorina, ko Kure wajen raƙuman dawa, ko kasuwar dabbobi ta Baleyara ran Lahadi. Yau Turawan sun janye, sai ga shi ƴaƴanmu ne suka ɗauki abin: ƴan lakwal, ɗaliban jami'a, ƙungiyoyin matasa masu yin karo-karo su ɗauki hayar mota, su fita bayan gari inda hanya ta ba da dama, su dawo da hotuna cike da waya, su zuba a Facebook da TikTok. Ina murna da wannan har cikin zuciyata. Yaron da ya tashi a unguwar Bukoki ko Talaje bai taɓa ganin inda hatsin tuwonsa ke fitowa ba, duk abin da zai fitar da shi ya ga ƙasarsa alheri ne. Abin da ke damuna shi ne mun ɗauko salon da gaggawarsa duka, kuma idan ranar ta zo da aka fara kai irin waɗannan motoci ƙasar Kurfai, gaggawar nan za ta cuci baƙon, ta cuci mai gida.

A ɗauki hanyar da kanta. Daga Yamai zuwa Filinge, babban garin Kurfai, kusan kilomita 180 ne. Ka wuce Hamdallaye, ka sauka Baleyara, daga nan hanya ta bi kwarin Dallol Bosso ta yi arewa, ta yankin Damana da Bonkuku. Wanda ke cikin mota zai ga jajayen duwatsu sun yi katanga a gefen kwari, ga gawo, ga goriba, ga gonakin dankalin Turawa na Bonkuku da rani. Zai ce wurin da kyau, kuma ya yi gaskiya. Abin da tagar mota ba za ta gaya masa ba shi ne yana tafiya ne cikin cikin wani kogi da ya mutu tun dubban shekaru, wanda ya gangaro daga Azawak ya je ya faɗa kogin Isa a wajen Bumba. Ruwan bai tafi duka ba, ya nutse ne ƙarƙashin rairayi. Shi ya sa rijiyar kwari ba ta kai ta tudu zurfi, shi ya sa garuruwa suka jeru a gindin dutse, shi ya sa kuma Bahaushe da Bazabarme da Buzu da Bafillace suka taru a wannan tsiri, suna ciniki da auratayya, wani lokaci suna jayayya a kan burtali da bakin rijiya. Wanda bai ji wannan ba ya ga dutse kawai.

Kuma wa zai faɗa masa? Nan ne gizo ke saƙa. Ɗan jagoran da aka taho da shi daga birni yakan san inda ake tsayawa a ɗauki hoto da inda ake sayen ruwan sanyi. Ba laifinsa ba ne, abin da aka ɗauke shi ya yi ke nan. Amma ka kai shi Shikal ka ce ya yi magana.

Shikal ƙauye ne na Kurfai da mai wucewa ba zai ga abin tsayawa a cikinsa ba. A wannan yanki ne, wajen 1925, aka fara abin da Hausawa ke kira Babule, Zabarmawa su ce Hauka: masu bori da iskokinsu ke zuwa da kamannin sojan Nasara da kwamanda da gwamna. Wata mata da ake kira Shibo tana cikin waɗanda suka fara. Abin bai tsaya a fagen bori ba, ya zama ƙin biyayya ga mulkin Faransa da ga sarautar Gado Namalaya, wanda Turawa suka ba riƙon ƙasar. Kwamandan Yamai na lokacin, Krosishiya, ya sa aka kama su aka tsare, daga baya aka kori wasu daga ƙasar. Ƴan cin rani suka tafi da abin har Gwalkwas, Gana ta yau, inda Bafaranshen nan Jan Rush ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a Akara, wanda ya fito a 1955 kuma har gobe ake gardama a kansa a jami'o'in Turai da Amurka. Ɗalibi a Paris ya san Hauka. Jikan mutanen Shikal da ke karatu a Yamai sau da yawa bai san daga ƙofar gidansu abin ya tashi ba. Wannan yana ci mini rai.

Ba ina kiran kowa ga bori ba ne. Ni Musulmi ne, kuma mutanen Kurfai na yau Musulmi ne. Amma tarihi ne, ya faru, kuma labari ne na talakawan da aka matsa wa da haraji da aikin tilas suka nemi hanyar cewa a'a da abin da ke hannunsu. Labarin kuma yana da baki biyu. Gidan sarautar Mayaƙi, wato zuriyar Gado Namalaya, suna da nasu bayani: a wajensu kakansu jarumi ne da ya tsare ƙasa a zamanin hare-hare, lokacin da aka san Kurfayawa da doki da mashi, kuma gidan ne ya fitar da mutane irin su Adamu Mayaƙi da ya riƙe manyan muƙamai a farkon ƴancin kai. Zuriyar waɗanda aka kama su ma da nasu. Yaya za a yi a ba da wannan cikin minti talatin, direba na danna oda? Sai an zauna a tabarma, an gaisa, an sha ruwa, an bari dattijo ya fara daga inda ya ga dama. Mai zaga gari biyar a yini kamar wanda ya ɗanɗana miya a tukwane biyar ne ya kwana da yunwa.

Haka Fandu, mahaifar tsohon shugaban ƙasa Janar Saini Kunce, inda aka haife shi a 1931, can kuma aka binne shi a 1987. Haka Tukunus, arewa da Filinge kaɗan, inda tashar gwajin kiwo ke renon shanun Azawak tun 1954, jajayen shanun nan masu nono da ake nema har ƙasashen maƙwabta. Yaron birni da ke cin cuku bai taɓa ganin yadda ake shanya shi ba, yini guda a Tukunus tare da makiyayi da likitan dabbobi ya fi masa wata guda na zane a allo. Kowane ɗaya daga waɗannan wurare ya isa tafiya shi kaɗai.

Ba sai mun je Italiya neman darasi ba, muna da shi a Kure, kilomita 60 daga Yamai. A 1996 raƙuman dawan da suka rage a Afirka ta Yamma duka 49 ne, kuma a nan suke. Bayan shekara ashirin da ƴan kai sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji. Abubuwa da yawa suka haɗu, amma babba a cikinsu shi ne ƴan jagoran ƴaƴan ƙauyukan ne. Sun san dabbobin, sun san lokacin da suke barin dajin tudu su gangara kwari cin gawo da rani, sun san manomin da aka cinye wa wake da yadda za a ba shi haƙuri. Baƙo ba ya shiga sai da ɗayansu, kuma kuɗin da ya biya wani abu na komawa gari. Dabbar da dā ake farauta ta zama dukiyar da ake tsaro. Raƙuman nan, af, sukan hauro arewa har wajen Fandu, wato su ma ƴan Dallol ne.

Sai ranar 9 ga Agustan 2020. Ƴan bindiga a kan babura suka kashe mutum takwas a dajin Kure: Faransawa shida ma'aikatan ƙungiyar agaji ta ACTED, da direbansu, da shugaban ƙungiyar ƴan jagoran, Kadri Abdu. Allah ya jiƙan namu. Faransa ta shafa wa taswirar Nijar jan launi in ban da Yamai, baƙi suka ɗauke ƙafa, mutanen da suka yi shekaru suna koyon sana'a suka wayi gari babu aiki. Abin da na fahimta daga wannan masifa shi ne an gina sana'ar duka a kan baƙon waje, wanda takarda guda daga ofishin jakadancinsa ta isa ta hana shi zuwa. Da an saba kai ƴan makarantun ƙasa da iyalai ƴan ƙasa, a farashin da aljihunsu zai ɗauka, da sana'ar ta sami wata ƙafar tsayawa.

Na san halin da ake ciki, kuma ba zan ce wa kowane uba ya sa ɗansa a mota ya nufi Abala, can arewa da Filinge, yau ba. Tun 2017 sassan jihar Tillaberi, inda Filinge take, ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. A farkon 2020 aka hana hawa babur a wurare da yawa, a watan da aka kashe sojoji 89 a Shinagodar. Akwai ƙauyukan da mutanensu suka bar gonakinsu suka taru a gari. Wani zai ce mai neman inda zai kwana lafiya ina ruwansa da yawon buɗe ido, kuma ban ga laifinsa ba. Amsata ita ce abin da nake magana a kai ba shaƙatawa ba ce kawai. Ƙauyen da ya watse, tarihinsa ma watsewa yake yi. Tsohon da ya san wanda ya haƙa rijiyar farko, ya san inda aka ɓuya a kan dutse lokacin hari, ya ji labarin yunwar 1931 daga bakin uwarsa, in ya rasu a gidan aro a gefen gari, babu mai maido abin da ya tafi da shi. In hanya ta buɗe bayan shekara biyar ko goma, ɗan jagora me zai faɗa?

Saboda haka aikin na yanzu ne, kuma ba ya bukatar tallafin kowa. Kowane malamin tarihi a kwaleji ko lise ta Filinge yana da ɗalibai masu waya. A tura su wajen kakanninsu su ɗauki murya, da izinin tsofaffin, da Hausarsu ta Kurfai yadda take, ba a gyara ta zuwa ta rediyo ba. A Yamai akwai cibiyar CELHTO mai tattara tarihin baka, akwai IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni, aikinsu ke nan, sun san yadda ake adana irin wannan. Daga cikin yaran nan ne ƴan jagoran gobe za su fito.

Su kuma matasan da ke shirya fita, ga roƙona. Ku rage garuruwa, ɗaya ya isa, in ya yi yawa biyu. Ku aika tun da wuri, ku fara sauka ƙofar maigari da goronku, ku bar shi ya zaɓa muku wanda zai zaga da ku, ku kuma biya shi kuɗi na mutunci, ba canjin da ya rage a aljihu ba. Na ga motar da ta zo da shinkafarta da ruwanta daga birni, aka ci aka sha a inuwar mutane, aka tashi aka bar musu leda, ko dala biyar ba ta shiga hannun ɗan gari ba. Akwai fura, akwai cuku, akwai tabarmar kaba da faifai, ku saya. Batun hoto kuwa ya fi komai yi mini zafi. Matar da ke jan guga da jariri a baya ba ado ba ce da aka ajiye don wayarku. Uwar wani ce, matar wani ce. Mun yi shekaru muna jin haushin Bature in ya ɗaga kyamara bai tambaya ba, bai kamata mu gaji halin ba. Ka ce, “Inna, sannu da aiki, ko in ɗauke ki hoto?” In ta ce a'a, ka mai da wayarka aljihu.

Kuma ba dole sai daga Yamai za a fara ba. Ɗaliban Filinge da yawa ba su taɓa hawa dutsen da ke bayan garinsu tare da wanda zai nuna musu ƙasar daga sama ba, ya ce ga inda tsohuwar hanyar fatake ta bi, ga gonakin gidan wane, ga burtalin da shanu ke bi in sun yi arewa da damina. Wannan fita ba ta bukatar mota ko mai. Izinin shugaban makaranta take bukata, da sanin hukuma cewa wurin lafiya, da dattijo ɗaya mai sauran ƙarfin ƙafa, da safiyar Asabar kafin rana ta yi zafi.