Gari Marar Ganuwa a Adar: Sharhi kan Fassarar « ville ouverte »

A wannan ƴar maƙala muna son mu duba ko kalmar Faransanci « ville ouverte », wadda za a iya fassarawa da « buɗaɗɗen gari », ta dace da tarihin yankunan Madawa, Buza da Keita kafin zuwan Turawa.

A Turai kalmar ta doka ce. Yarjejeniyar La Haye ta 1907 ta hana kai hari kan garin da ba a tsare ba, kuma a kan wannan ne aka bar Paris a buɗe a watan Yuni na 1940. Ke nan akwai hukuma mai shela, akwai kuma abokin gaba da ake sa ran zai kiyaye ƙa'ida. A Adar babu ko ɗaya. Galibin garuruwan ba su da ganuwa irin ta Kano ko Katsina, amma ba a bar su haka nan ba: duwatsu ne mafakarsu, sai kuma amana da harajin hatsi da manoma ke bai wa Abzinawa, Kel Geres a wajen Madawa, Iwillimmidan a arewa.

Littattafai biyu da suka fito a 1975 sun haska wannan, kowanne ta gefe guda. Djibo Hamani ya bi sarauta, tun daga Agabba ɗan Sarkin Agadas da Lisawan waɗanda sarautar Keita ke hannunsu. Nicole Echard ta bi labarun ƙaura na Azna manoma. A ganinmu, mai karanta Hamani kaɗai zai ɗauka tsaro aikin sarki ne, mai karanta Echard kaɗai zai iya ɗauka karɓar baƙi hali ne kawai na ƴan ƙasa. Aikin Benedetta Rossi na 2015 ya tunatar da mu cewa da yawa daga waɗanda suka zauna a garuruwan nan bayi ne, ba baƙin da aka yi wa maraba ba.

Saboda haka muna ganin « buɗaɗɗen gari » na ɓoye tambayar da ta fi muhimmanci: wa ke biyan kuɗin zaman lafiya, kuma wa ke karɓa? Mun fi son « garin amana », domin amana tana da sharuɗɗa, kuma ana iya cin ta.