Wanke Tsohon Fim: Tsakanin Gyara da Ɓarna

Tun daga shekarar 2006 da faifan Blu-ray ya shigo kasuwa, kamfanonin fina-finai suka duƙufa wajen tono tsofaffin fina-finan faɗa daga rumbunansu, suna wanke su, suna sake sayar da su ga masoyansu. A 2016 aka ƙara samun faifan 4K, wanda hotonsa ke ɗauke da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wato ninki huɗu na abin da Blu-ray ke ɗauka. Mai kallon da ya tashi da kaset ɗin bidiyo, wanda aka kwafa daga kwafi har launinsa ya koɗe, zai ɗauka cewa wannan ci gaba alheri ne zalla. Wannan maƙala tana ganin lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Mai wanke fim matsayinsa ɗaya da mai tace tsohon rubutun hannu domin bugawa: amana ce a hannunsa, yana iya mayar da abin da zamani ya cinye, yana kuma iya shafe abin da mai aikin ya bari.

Bari mu fara da inda gyaran ya yi rana. Fina-finan kamfanin Shaw Brothers na Hong Kong, waɗanda Bahaushe ya haɗa su da 'yan'uwansu ya kira su fim ɗin Chanis, an ɗauke su ne da faffaɗan hoto wanda faɗinsa ya ninka tsayinsa sau biyu da 'yan kai. Da aka juye su a kaset domin tsohon akwatin talabijin, sai aka datse gefe da gefe, aka zubar da fiye da kashi 40 cikin ɗari na hoton. A fim ɗin soyayya wannan asara tana iya wucewa ba a lura ba. A fim ɗin faɗa kuwa ta taɓa zuciyar aikin, domin darakta irin Lau Kar-leung yakan tsara faɗansa ne a kan tazarar da ke tsakanin jikin mutum biyu. A The 36th Chamber of Shaolin na 1978, ana son mai kallo ya ga mai kai duka da mai karewa a lokaci guda, ya ga ƙafa da hannu da sanda duk a cikin hoto ɗaya. Idan aka yanke gefe, sai a ga hannu ya faɗo daga inda ba a sani ba. Jerin Shawscope da kamfanin Arrow ya fara fitarwa a 2021 ya gabatar da waɗannan fina-finai da cikakken faɗinsu. Haka nan wankin da aka yi wa Police Story na 1985 ya bari ana ganin cewa Jackie Chan ne da kansa ya zamo daga dogon ƙarfen nan mai kwararan fitilu. Ganin hakan yana ƙara wa wasan nauyi, domin darajar irin wannan fim tana cikin yardar mai kallo cewa jikin ɗan Adam ne ya yi abin.

Sai dai garin neman gira akan rasa ido. Zaren fim an yi shi ne da ƙananan ƙwayoyin sinadarin azurfa masu kama haske, kuma su ne ke bayyana a hoto kamar tsaki-tsaki. Wannan tsaki shi ne jikin hoton, domin da shi aka gina duk wani gashi da gumi da ƙurar da ido ke gani. Wasu kamfanoni sun ɗauke shi a matsayin datti, suka sa na'ura ta goge shi. Misalin da ya fi shahara shi ne Predator na 1987, wanda aka sake fitarwa a Blu-ray a 2010. Fim ne na zafi da laka da zufa a cikin kurmi, amma bayan gogewar sai fuskar Arnold Schwarzenegger da ta abokan wasansa suka koma sumul kamar an ƙera su da kakin zuma. Labarin yana cewa waɗannan sojoji suna shan wuya, hoton kuma yana ƙaryata labarin. Sai a faifan 4K na 2018 aka dawo da tsakin, kurmin ya koma kurmi.

Ana iya cewa laifin na kamfani ne, in an bar wa darakta komai zai daidaita. Tarihi bai goyi bayan wannan fata ba. A 2009 William Friedkin da kansa ya kula da fitar The French Connection na 1971 a Blu-ray, ya sauya launinsa har mai ɗaukar hoton fim ɗin, Owen Roizman, ya fito fili ya yi tir da aikin. Sai da aka sake wani a 2012 da amincewar su biyun. A 2024 kuma aka fitar da Aliens da True Lies na James Cameron a faifan 4K, bayan an bi da su ta manhajar ƙirƙirarriyar basira, kuma da yardarsa aka yi. Manhajar tana kaifafa hoto ne ta hanyar hasashen abin da ya kamata ya kasance a wurin, shi ya sa masu sharhi da dama suka koka cewa fatar 'yan wasa ta ɗauki wani siffa da kyamara ba ta taɓa kamawa ba. A nan ɗalibin adabi zai gane tsohuwar muhawara: marubucin da ya dawo bayan shekara talatin ya sake wa waƙarsa kalmomi yana da iko, amma abin da ya fitar sabon bugu ne, kuma bai kamata ya binne na farkon ba. Fim aikin mutane da yawa ne, kuma shaida ne a kan zamaninsa.

Akwai wata hujja mai ƙarfi daga ɗaya ɓangaren. Waɗannan fina-finai sun samu masoyansu ne cikin rashin kyan hoto. A gidajen silima irin su Plaza da Eldorado a Kano, da gidajen kallo na unguwa, ba wanda ya damu da launi, kuma muryar Turancin da aka ɗora wa 'yan wasan, duk da rashin dacewarta da motsin baki, ta zama wani yanki na daɗin kallon. Bugu da ƙari, hoto garau yana tona asiri. A Game of Death na 1978, wanda aka ƙarasa shekara biyar bayan rasuwar Bruce Lee, akwai wurin da aka manna hoton fuskarsa a jikin madubi domin a rufe fuskar mai kwaikwayonsa. Dishi-dishin kaset yana ɗan suturta wannan dabara, wankakken faifai kuwa yana baje ta a faifai. Amma tonon nan ma riba ce ga mai nazari, domin yana nuna yadda kasuwa ta ci gaba da cin moriyar sunan jarumin bayan ya bar duniya. Kamfanin Criterion ya saka fim ɗin a cikin tarin Bruce Lee na 2020 ba tare da ya goge wannan aibi ba, kuma hakan shi ne daidai.

Daga waɗannan misalai ana iya fitar da ma'auni. Gyara na gari yana mayar da abin da aka ɗauka ranar da aka ɗauke shi: cikakken faɗi, launi na asali, harshen asali, da tsakin zaren. Yana kuma ajiye tsohuwar muryar da aka ɗora a matsayin zaɓi, saboda da ita miliyoyin mutane suka san fim ɗin. Idan darakta yana son sabon fasali, a sa shi kusa da tsohon, a bar mai kallo ya zaɓa. Abin da ya sa maganar ke da muhimmanci shi ne, kaset yana ruɓewa, zaren fim yana lalacewa, kuma kwafin da aka wanke yau shi ne zai zauna a intanet da ɗakunan karatu. Yaron da zai kalli Predator nan da shekara hamsin ba shi da wani abin kwatance, abin da aka miƙa masa shi zai ɗauka a matsayin fim ɗin. Da tsohuwar zuma ake magani, da sharaɗin mai ajiyar bai surka ta da ruwa ba.