Ƙauyen Faransanci na Badagry: Kai, Wuri Ya Yi Wuri!

Duk ɗan Bagudo da ya taɓa ƙetara iyakar Benin ta Tsamiya zuwa Segbana, ko ta Lolo zuwa kasuwar Malanbil, ya san iyakar inda Hausa da Dandanci suke kai mutum. A kasuwa sun wadatar: ka yi cinikinka, ka canza naira da saifa, ka kamo hanyar gida. Amma da zarar jandarma ya miƙo takarda da Faransanci, sai ka ga dattijo mai dukiya yana waige-waige, yana neman yaron da zai yi masa tafinta. Shi ya sa nake ganin Ƙauyen Faransanci na Najeriya da ke Ajara, a Badagry, don mu 'yan kan iyaka aka gina shi, duk da yana can bakin teku a Jihar Legas.

Gwamnatin Tarayya ce ta kafa shi a 1991. Kafin nan, ɗaliban Faransanci na jami'o'inmu sai an tura su Faransa ko wata ƙasa mai amfani da harshen su yi shekara guda. Da darajar naira ta faɗi, kuɗin tafiyar ya gagara, sai aka kawo wannan zama cikin gida. Irin dabarar da aka yi wa ɗaliban Larabci ke nan a Ngala ta Jihar Borno. Madalla da wanda ya kawo shawarar!

Mu daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato muka je, muna aji uku, kuma har gobe ban daina ba da labarin ba. Dokar wurin guda ce: Faransanci safe da yamma. A aji shi ne, wajen cin abinci shi ne, ko bokiti za ka ara sai da shi. Makon farko harshe yana sarƙewa, mutum yana gumi kafin ya haɗa jimla. Sai wata rana ka tsinci kanka kana gardamar ƙwallo da wani ɗan Nsukka, kana kayar da shi, ba ka ma lura da wane harshe kake yi ba. Wallahi daɗin wannan rana ba ya misaltuwa.

Abin da ya fi sace mini zuciya shi ne harkokin yamma: muhawara, waƙe-waƙe, wasan kwaikwayo, fina-finai. Ɗalibar da ba ta iya ɗaga kai a aji sai ga ta a kan dandamali tana zuba magana, ɗaki ya ɗauki tafi. Littattafan Mariama Bâ da Camara Laye, waɗanda a da muke haddacewa don jarrabawa kawai, a can suka zama abin hira har tsakar dare. A can na gane cewa Faransancin nan na Senegal ne, na Gini ne, na Benin ɗin da ke bayan gidanmu ne. Malaman kuwa, Allah ya saka musu da alheri, suna gyara maka kuskure ba tare da sun kunyata ka ba.

Ga iyakar Seme nan kusa, Kwatano kuma ba nisa. Mu 'yan kan iyaka kunnenmu ya riga ya saba da lafazin Benin tun muna yara, don haka muka riƙa yi wa abokanmu jagora, muna alfahari.

Benin, Nijar, Chadi, Kamaru: duk maƙwabtanmu huɗu da Faransanci ake aiki a ofisoshinsu. Ƙannena na Illo, Ka'oje da Bagudo masu shirin cike fom ɗin JAMB, ku sa Faransanci a lissafinku. Ana neman masu jin sa a kwastan, da shige da fice, da ECOWAS, da gidajen rediyo irin su RFI Hausa. Idan lokacin tafiyarku Badagry ya zo, ku tafi da ƙamus mai kyau da gidan sauro.