Dutse Mai Suna, Mutum Marar Suna: Sharhi a Kan Zane-zanen David Roberts

Manufarmu a wannan ɗan sharhi ita ce mu dubi zane-zanen David Roberts (1796-1864), mutumin Sikotilan da ya bi Kogin Nilu a 1838 har Abu Simbal, yana zana gidajen bautar Fir'aunoni. Louis Haghe ne ya sake zana su a kan allunan dutse, aka buga su a Landan tsakanin 1846 da 1849. Aikin ya samo asali daga mazhabar Romantisizim, wadda ta fifita sosa zuciya a kan bayani tsagwaronsa.

Idan muka ɗauki zanen cikin babban ɗakin Abu Simbal, za mu ga gumakan Ramsis na Biyu guda 8 jingine da ginshiƙai, yashi ya binne ƙafafun wasu, haske da duhu na ja-in-ja a kansu. A waje kuwa ga wasu 4 zaune, kowane ya kai tsawon mita 20. Babu shakka gwani ya yi aiki, domin mai kallo kan ji kansa ɗan mitsitsi.

To amma ina mutanen ƙasar? Suna nan a gindin gumakan, ƙanana, a zaune ko a kishingiɗe. Amfaninsu a zanen ɗaya ne, wato su zama ma'aunin da ido zai gwada girman dutse. Ke nan dutse na da suna da tarihi, rayayyen Banube kuwa ba shi da ko ɗaya.

A ganinmu wannan kallo bai tsaya a takarda ba. Da aka gina babbar madatsar ruwa ta Aswan, duniya ta haɗa kuɗi aka yanka Abu Simbal gunduwa-gunduwa aka ɗaga shi sama tsakanin 1964 da 1968. Nubawan Wadi Halfa da aka kwashe a lokacin ba su sami rabin wannan kulawa ba.

Duk da haka, ba za mu yi watsi da aikin ba. Launukan da Roberts ya zana a ginshiƙan tsibirin Fila ruwa ya wanke su bayan madatsar 1902, sai a irin takardunsa ake ganinsu.

Daga ƙarshe, muna jan hankalin ɗalibanmu masu ƙirƙira: duk wanda zai siffanta ganuwa ko kufai, ya tambayi kansa matsayin da ya ba mutumin da ke zaune a inuwarsu.