Takardun Shari'a da Binciken Asalin Zuriya a Damargu

Masu binciken asalin zuriya sun fara dogara ga tsofaffin takardun shari'a, har wasu na ɗaukar su sun fi bakin dattijai inganci. Wannan ra'ayi yana bukatar gyara, musamman a ƙasar Damargu, wato Tanut, Belbeji da Tenhiya.

Wani littafi da ya fito da irin waɗannan takardu a ƙasar Hausa shi ne Thus Ruled Emir Abbas na Allan Christelow (1994), wanda ya fassara hukunce-hukuncen majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914. To amma waɗannan da Larabci aka rubuta su, kuma malaman da suka rubuta suna jin harshen masu ƙara. A yankin Faransa ba haka abin yake ba. Kotunan ƴan ƙasa da dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta kafa a Afirka ta Yamma da Faransanci suke ajiye hukunci. Bahaushe ko Buzu ko Badagire ya yi magana, tafinta ya juya, magatakarda ya taƙaita. Abin da ya isa takarda ya riga ya bi ta baki biyu.

A nan sunaye suke lalacewa. Mutum ɗaya yakan fito Mahamadu a wata ƙara, Mamman a wata, laƙabin da danginsa suka san shi da shi kuwa babu. Shekarun haihuwa kintace ne. Kalmar ɗa a bakin Bahaushe ta haɗa ɗan ciki da ɗan ɗan'uwa da ɗan riƙo, alhali Faransanci yana rarrabe su. Mai zana reshen zuriya daga irin wannan fassara yana iya ba mutum uban da bai haife shi ba.

Akwai kuma waɗanda takarda ba ta gani ba. Makiyayan Tenhiya suna nesa da bariki, rigimar rijiya ko ta raƙumi yawanci a gaban shugabanninsu da malamai take ƙarewa.

Duk da haka ba a raina takardun ba. Ƙarar sadaki da ta gado sukan ambaci mata, waɗanda jerin kakanni na baka yakan tsallake. Mafi nauyi ita ce maganar bauta. Bayan dokar 1905 da ta hana cinikin bayi, magatakarda sukan rubuta bara a inda ake nufin bawa. Mai bincike da ya gane wannan yana riƙe da sirrin gidajen da jikokinsu ke raye, kuma har yau ana fasa aure a kan irinsa. Ya kamata masu shirya littattafan yaƙi da jahilci su nemi yardar zuriya kafin su buga suna.